Man oganik na saya, yanzu fuskata ba ta son rana kuma biki ya matso

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 24, a Zariya nake, an sa bikina saura wata biyu da 'yan kwanaki. Wata huɗu da suka wuce ƙawata ta haɗa ni da wata mai saida kayan gyaran fata a Instagram, ta ce nata duk oganik ne ba kemikal ko ɗaya, da karas da kurkum da madarar akuya take haɗawa da hannunta. Na sayi set ɗin dubu 45, man jiki, man fuska, sabulu da wani ɗan mai na gwiwa da yatsu. Wlh cikin sati biyu na yi haske kowa sai tambaya yake me nake shafawa, shi ma wanda zan aura ya yaba. To yanzu ƙananan ƙuraje sun feso min a goshi da haɓa, in na fita rana fuskar raɗaɗi take min, gaɓoɓin yatsuna sun fi da baƙi, kuma na ga wasu jajayen layuka a cinya da gefen hammata. Na gwada bari na kwana uku ƙaiƙayi ya hana ni barci dole na koma. Da na mata magana sai ta ce dattin fata ne yake fita, in ƙaro set ɗin amare. Anti ya zan yi? Kuma ta yaya mutum zai gane oganik na gaskiya? Ba na so in koma baƙa ranar biki a ce yaudara na yi.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin da rai da lafiya.

Set ɗin amaren nan kar ki saya, ko kyauta ta aiko miki da shi har gida kar ki shafa. Kuma maganar wai datti ne yake fita ki ajiye ta gefe, fata ba ta fitar da datti ta hanyar nankarwa, don jajayen layukan da kika gani a cinya nankarwa ce sabuwa fil, ke da ba ciki kika yi ba, ba ƙiba kika yi farat ɗaya ba.

Ki tsaya ki yi lissafi da kanki. Karas nawa muke ci a garin nan lokacin sanyi, kurkum tun kakanninmu ake murza wa amare, wa kika taɓa gani ya canza kala cikin sati biyu saboda su? Saman fatar mutum ma kusan sati huɗu yake ɗauka kafin ya sabunta. Kurkum iyakarsa ya bar miki ɗan rawaya-rawaya a jiki wanda wanka biyu uku zai tafi da shi, zuma da man kaɗanya su sa fata laushi da sheƙi, shikenan. Abin da yake iya kashe launin fata da wannan saurin ba su da yawa kuma an san su: sitiroid, wato magungunan kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, irin su clobetasol da betamethasone, sai hydroquinone, sai mercury. Likita ne zai duba ya tabbatar miki, amma duk abin da kika lissafo, ƙurajen da suka fito iri ɗaya lokaci ɗaya, nankarwa, fuska ta kasa jure rana, da uwa uba wannan ƙaiƙayin da ya taso da kika daina, tafiyar sitiroid ce sak. Fatar ta saba da shi ne, kina janyewa tana bore, sai ki koma, ita kuma mai sayarwa ta samu kwastoma ta dindindin.

Yadda da yawansu suke haɗin nan fa ba wani sirri ba ne, ki shiga ɓangaren masu man shafawa a kowace babbar kasuwa ki ɗan tsaya za ki gani da idonki. Za a ɗauko babbar roba a juye farin kirim mai arha, a jero 'yan tub ɗin nan na kemis a yanke musu gindi da reza a matse su tas a ciki, a fasa wasu ƙananan kwalabe a tsiyaya, a sa cokali ko muciya a yi ta juyawa, sannan a ɗiga turare da 'yar kala ruwan lemo don ya yi kama da karas. A ɗura a robobi masu kyau, a je wajen mai firinta a bugo sitika da hoton ganye kore. Ba awo, ba wanda ya san adadin maganin da ya shiga robarki, ta yau daban ta wata mai zuwa daban. Wasu masu sayarwar ma tsakani da Allah ba su san me ke ciki ba, sarin haɗaɗɗen suke yi a bokiti su dai su liƙa sunansu, shi ya sa za ta iya rantse miki da Allah oganik ne kuma har ranta ta yarda.

Shi clobetasol magani ne na gaske, yana cikin mafi ƙarfi a maganin shafawa, likitocin fata suna ba da shi ga cutar da ta yi tsanani, a ɗan wuri kaɗan, na 'yan makonni, kuma suna kaffa-kaffa da shi a fuska. Ke kuma ki duba, daga wuya har tafin ƙafa, safe da dare, wata huɗu. Fata sai ta sirance ta zama kamar atamfar da ta sha wanki, abu kaɗan ya yage ta, jijiyoyi kore su bayyana, ƙyasbi da makero su samu wurin zama su yi ta yaɗuwa a ɓoye, wasu matan har gashi ke fito musu a haɓa. Kuma ba a fata yake tsayawa ba, yana ratsawa cikin jini in an daɗe ana laftawa, yana iya tayar da hawan jini da suga, ya sa fuska ta kumbura ta yi zagaye, ya sa ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau tunda gidan miji za ki, in haihuwa ta zo da tiyata ɗinki a fatar da ta sirance wahala ne, tambayi duk wata nas da ta daɗe a ɗakin haihuwa. Mercury kuma ƙoda yake taɓawa da jijiyoyin kwakwalwa, yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan da ke ciki, yana bin nono, har wanda kuke goge jiki da tawul ɗaya bai tsira ba. Hydroquinone in aka daɗe a kansa shi ne yake kawo wannan baƙin tabon mai shuɗi-shuɗi a saman kunci da gefen ido, wanda kike gani a fuskar wasu manyan mata a gidan biki hoda ta kasa rufewa, kuma da wuya yake fita.

Ba ke kaɗai ba ce, kar ki ɗauka wauta kika yi ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo adadin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, a 2023 kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kwaddibuwa ta hana irin mayukan nan tun 2015, Ghana ta hana masu hydroquinone a 2016. Da mutane suka fara tsoron kalmar bilicin sai 'yan kasuwa suka canza mata riga, yanzu ba mai ce miki bilicin take sayarwa, sai dai oganik, gilo, tonin, fito da asalin kalarki. Kayan cikin robar dai suna nan yadda suke.

To abin yi. Cikin satin nan, ba bayan biki ba, ki je ki ga likitan fata, kuna da asibitin koyarwa na ABU a Shika, in kuma layi ya yi tsawo ki fara da likitan da ya samu ya tura ki gaba. Ki kwashi robobin duka huɗun ki tafi da su, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da yawan da kike shafawa, kar kunya ta sa ki ce sati biyu ne kawai, su sun ga wanda ya fi naki. Ki roƙa a auna miki jini da suga. Dalilin da ya sa ban ce ki watsar da man jikin da na fuskar yau-yau ba shi ne abin da kika riga kika gani da kika bari kwana uku, wanda ya daɗe yana shafa sitiroid a duk jiki sau da yawa a hankali ake yaye shi, likita ya rage ƙarfi ya rage kwanaki, ya ba ki abin da zai kwantar da ƙaiƙayin da ƙurajen. Amma ɗan man yatsun nan da sabulun ki daina su daga yau. Irin mayukan gwiwa da yatsu sau da yawa asid ne mai ƙarfi a ciki da yake saɓule fata, wurin ya yi haske kwana biyu ya dawo ya fi da baƙi, don baƙar fata duk inda aka ƙona ta ko aka takura mata da duhu take ramawa.

Yanzu maganar da na san ita ce ta fi damunki. Eh, kalarki za ta dawo. Wataƙila ma na ɗan lokaci ki ga kin fi da duhu, wani wurin ya riga wani, kafin ta daidaita, kuma daidaituwar tana iya cin watanni. Nankarwar za ta dusashe ta koma fari-fari amma ba ta ɓacewa gaba ɗaya, duk wadda ta ce tana da man da yake goge ta tas kuɗinki take so. Gara in faɗa miki yanzu da ki ji a bakin madubi.

Batun yaudara kuwa, wata huɗu kika yi kina shafa man nan, shi kuma bawan Allahn nan ai ba wata huɗu da suka wuce ya fara zuwa zance ba tunda har an kai ga sa rana. Da kalarki ya gan ki ya ce yana so, da ita iyayensa suka aiko. Ya yaba hasken, to, namiji in ya ga canji zai yaba, bai san kuɗin da jikinki yake biya ba. Ki faɗa masa da bakinki tun yanzu, ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce man da na saya ashe da magani a ciki ya fara ɓata min fata, likita ya ce in bari, za ka ga na koma yadda ka san ni. In mai hankali ne kuɗin asibitin ma shi zai bayar. In kuma ya nuna shi lallai farar yake so ko da za ta kashe ki, to wannan wata wasiƙar ce daban, kuma gara ki sani kafin a ɗaura. Dangin miji masu ƙus-ƙus kuwa ko balarabiya kika koma sai sun samu abin faɗa.

Ki sanar da Mama ko duk antin da ke riƙe da maganar gyaran jikinki, wannan muhimmi ne. Dilka da halawa gyara ne mai kyau a lafiyayyar fata, amma a fatar da sitiroid ya cinye halawa tana iya ɗaukowa har da fatar, dilka kuma gurza ce, za ki fito da ja da tabo ana saura kwana kaɗan kamu. Sai likita ya ce fatar ta yi ƙwari, in bai ce ba a haƙura, mai kwalliya mai hankali da ta iya zaɓen hoda daidai kalarki ta ishe ki ranar. Haka baƙin lalle, yawancinsa ana sa masa sinadarin rinin gashi da ake kira PPD don ya kama da wuri ya yi baƙi wuluk, shi ne yake tashin wasu amare da bororo daidai zanen fulawar. Jan lallenmu na gargajiya ya fi miki aminci, in kuma dole sai baƙin to a gwada ɗan ɗigo a hannu tun da sauran makonni, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai tambayarki ta biyu, yadda ake gane na gaskiya. Oganik asalinsa magana ce a kan yadda aka noma tsiron, ba takin zamani ba feshin maganin ƙwari, ba ta ce komai a kan haske ba, ba ta ma ce abin zai karɓi fatarki ba. A Turai da Amurka akwai masu bin diddigi tun daga gona su ba da tambari, irin su COSMOS, Ecocert, Soil Association da USDA Organic, kayan da ke ɗauke da su tsada ne da su kuma ba su cika yawa a shagunanmu ba, tambarin ma mai firinta zai iya kwafa. A nan kuwa kowa zai iya rubuta kalmar a jikin roba ba mai tambayarsa gonar da ya noma. Don haka ni shawarata ki daina kallon gaban roba, ki juya bayanta.

A baya ya kamata ki ga jerin abubuwan da aka haɗa, kuma ƙa'ida ita ce wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa, in an cika gaba da hoton karas amma karas ɗin yana can ƙarshen layi bayan turare to ɗigo aka sa. Ki ga sunan kamfani da adireshin da za a iya zuwa, ba lambar WhatsApp kaɗai ba, ki ga lambar rajistar NAFDAC, da ranar da aka yi da ranar lalacewa. Lambar NAFDAC ba shaidar oganik ba ce kuma ita ma ana yin ta bogi, amma rashinta gaba ɗaya ya ishe ki amsa. In kika tambayi mai kaya me da me ke ciki ta ce sirrin sana'a ne, ki ce Allah ya ba da kasuwa ki wuce, abin da zai kwana a jikinki ba a miki sirri da shi. In kika ga alƙawarin kwana bakwai, ko haske mataki uku, ko haf-kas, ko hoton da da yanzu wanda na farkon an ɗauka a ɗaki mai duhu na biyun a gaban fitila da filta, kin san inda aka dosa. Tsada ma ba hujja ba ce, kin gani da dubu 45 ɗinki.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba, duk man da aka haɗa da ruwa, ko madara, ko ruwan alobera, dole sai an sa masa abin hana lalacewa, in ba haka ba a zafin garin nan kwana kaɗan ƙwayoyin cuta za su cika shi ko da ido bai gani ba. Wadda ta ce miki kirim ɗinta da madarar akuya ne, ba ta sa komai na kemikal ba, kuma yana wata shida a kan durowa bai yi wari ba, to ɗaya daga cikin maganganun nan ba gaskiya ba ce.

Kuma ba duk abin da ya fito daga ƙasa ko bishiya ne lafiya ba. Lemon tsami da ake cewa a goga a fuska, in rana ta same shi ƙuna yake yi ya bar tabo. Kwallin dutse da muke ji da shi na gado, an sha gwadawa a samu dalma mai yawa a ciki, jarirai ma bai kamata a sa musu ba. Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙon fata amma wani yana da kaifi sosai, a hunturu sai ya busar da ke ƙayau, balle wanda aka sake dakawa aka cusa masa abubuwan da ba ki sani ba aka ce na amare ne. Man kwakwa lafiya lau a ƙafa da gashi, a fuskar mai ƙuraje kuwa toshe ƙofofin fata yake. A ɗaya gefen kuma ga basilin, daga man fetur ake tace shi, ba wanda zai kira shi oganik, amma yana cikin abubuwan da suka fi aminci ga fatar da ta ji ciwo, har jarirai ake shafa wa. Gilisarin ma yana da aminci haka.

Ni abin da zan so ki riƙe a watannin nan kaɗan ne kuma ba zai ci rabin kuɗin set ɗin can ba. Sabulu mai laushi marar ƙamshi sosai, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, ki ajiye soson gurza. Kina fitowa wanka jiki da sauran danshi ki shafa man kaɗanya zalla ko basilin. Man kaɗanya Allah ya hore mana shi, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen 'ya'yan kaɗanya, daga Neja da Kwara da Kebbi ake kawo shi, kuma a hannun matan da ke dafa shi za ki samu da arha. Na kirki launinsa fari ne mai ɗan rawaya, yana da ɗan ƙaurin gyaɗa-gyaɗa da hayaƙi, in kika ɗora ɗan gutsure a tafin hannu kika murza nan take zai narke. In yana tashin tsami ko warin tsohon mai ya lalace, in kuma ƙamshin turare ne ya cika shi to an taɓa shi. A fuska ki sa ɗan kaɗan ki ga yadda za ta karɓa tunda kina fama da ƙuraje. Da rana kuma sanskirin, wato man kare fata daga rana, mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama, kullum, ko da a tsakar gida za ki wuni, ki haɗa da lema ko inuwar mayafi in za ki fita. Mu da yawa muna ganin baƙar fata ba ta buƙatarsa, ke kam yanzu kina buƙata fiye da kowa, shi ne zai hana duhun da zai dawo ya dawo dabbare-dabbare.

Duk wani sabon abu da za ki saya nan gaba, ko na wane kamfani ne, ki fara shafa ɗan kaɗan a cikin damtse ko bayan kunne safe da yamma na kamar sati ɗaya, in ba ja ba ƙaiƙayi sannan ya hau fuska. Kuma ɗaya bayan ɗaya, ba set guda rana ɗaya ba, don in wani abu ya ɓaci ki san mai laifin. Tabon ƙurajen da zai rage akwai abubuwan da ke taimakawa a hankali irin su niacinamide da azelaic acid, amma ki bari likitan ya ce lokaci ya yi.

Ragowar man kuma in an yaye ki kar ki ba ƙannenki ko 'yar aikin gida don kar a yi asara, na san halinmu. Ki ɗauki hoton robobin da hirarku da mai sayarwar ki ajiye, in kina da hali ki kai ƙorafi ofishin NAFDAC na jiharku. Ita kuma ƙawar taki da ta haɗa ku, ba faɗa za ki yi da ita ba, ki ja ta gefe ki ce ta duba cinyarta da hammatarta a madubi, in ta ga irin layukan nan ku tafi Shika tare.